Akwatin Wasiƙu: Olsa, Kanwa da Basir

Wasiƙu sun yi tsibi a gabana, mai kula da na'ura kuma har ya fara nuna mini agogo. Bismillah.

Ta farko daga 'Yankwashi take. Wani dattijo manomi ya ce shekara uku ke nan zafi a ƙahon zuciya yana tashinsa da tsakar dare, sai ya jiƙa kanwa ya sha ko ya kurɓi madara. Wai an ce masa yunwa ce ta sa masa olsa. Baba, Allah ya ba ka lafiya, amma yunwa laifin wasu take ɗauka. Likitoci sun ce gyambon ciki galibi abu biyu ke kawo shi: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, sai magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda muke watsawa baki kamar gyaɗa in mun dawo daga gona.

Labarin ƙwayar nan na burge ni. Wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982, abokan aikinsu suka ƙi yarda. Marshall ya yi zuciya, a 1984 ya sha ƙwayar da gangan, ciki ya rikice masa. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Ni kam ko nawa za a biya ni, a kai kasuwa!

To Baba, Kazaure ba nisa. Ka je asibiti ka nemi gwajin wannan ƙwaya. In an same ta, magani ne wajen kala uku na mako biyu, kuma a shanye duka, ba ka ji sauƙi ran uku ka ajiye wa maƙwabci sauran ba. Kanwa da madara lallashin ciwon kawai suke yi. In ka ga aman jini, ko bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, ko rama ba dalili, kada ka kwana a gida. Mai yiwuwa a tura ka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a zura siririn bututu mai kyamara a leƙa cikin.

Daga Babura kuma... basir. Kai jama'a, basir dai, basir dai! Ciwon baya basir, kasala basir. Malam, jini a bahaya ba na mai tallar magani da lasifika a kasuwa ba ne, likita ya duba ka.

Saurayi daga Roni yana kukan iska na kunyata shi a gidan surukai. Ɗan'uwa, rage wake ranar zance.

Hajiya daga Gwiwa, jikanki mai gudawa: a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In idonsa ya faɗa ko ya ƙi sha, sai asibiti yanzu-yanzu.

An ɗaga mini hannu. Masu tambayar shawara da ciwon hanta, ku yi haƙuri, da ku za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.