In Za Ka Tara Suma

Wata na uku zuwa na shida ne wahalar: ba ta kai a taje ta ta tsaya ba, ta kuma wuce a ƙyale ta. Gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, namu kuma nannaɗewa yake, sai ka ɗauka ya tsaya cak.

Kada ka ƙaurace wa mai aski. Duk mako uku ka je, gyaran fuska da ƙeya kawai, kada ya taɓa sama. Jiƙa sumar kafin ka taje. Da hunturu shafa man kaɗanya kaɗan, in ya yi yawa ƙura ce za ta manne. Ranar da ta ƙi jin magana, hula ta rufa asiri. Baba dai sai ya tambaya ko kuɗin aski ne babu.