Bashin damana da kuɗin goro

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, amalanke na kai da kawowa tsakanin gona da gida. A wannan lokaci ne kuma masu bin bashi ke zagaya ƙauyuka da buhunansu. A gidaje da yawa, tun hatsi bai shiga rumbu ba, rabinsa ya riga ya zama na wani.

Bashi ba abin kunya ba ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai bashin da ake biya a huta. Akwai kuma wanda ke komowa kowace shekara, kullum ya fi na bara girma. Darasin yau a kan wannan na biyu yake.

Yadda tiya 20 ke zama tiya 50

Ga misali, domin lissafi. A ce wani manomi ne mai iyali 8. Gidansa na cin tiya 2 ta hatsi kowace rana. Cikin watan Agusta rumbunsa ya ƙare, ga noma bai ƙare ba. Ya je wurin wani ɗan kasuwa ya karɓi jika 20, a kan zai biya jika 25 da kaka.

A ce a lokacin tiya guda jika 1 ce. Da jika 20 ya sayi tiya 20. Gidansa ya ci kwana 10.

Kaka ta zo. Kowa ya kawo hatsi kasuwa, farashi ya faɗi, tiya ta koma dala 100. Kafin manomin nan ya haɗa jika 25, sai ya saida tiya 50. Buhu mai kilo 100 tiya 40 yake ɗauka. Ke nan buhu guda ya tafi, da tiya 10 a kansa.

Ya ci tiya 20, ya biya tiya 50. Shi a ganinsa jika 5 kawai aka ƙara masa. Bai lura ba cewa faɗuwar farashi ta fi ƙarin nan cinye shi. Ko da ɗan kasuwar bai ƙara masa ko dala ba, da sai ya ba da tiya 40.

Abin bai tsaya nan ba. Tiya 50 abincin kwana 25 ne a gidansa. Baɗi rumbu zai riga ƙarewa da kwana 25. Domin ya cike wannan giɓi, sai ya ci bashin jika 50. In sharaɗin bai sake ba, da kaka zai ba da tiya 125, watau buhu 3 da tiya 5. A shekara ta uku ba hatsi za a tambaye shi ba. Gona za a ce ya jinginar. Ba banza ba ake kiran irin wannan bashi "a ci ba daɗi".

Mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa sun ga haka da idonsu a 2005. Bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. Damanar 2005 ta yi kyau, amma manoma da dama ba su ga amfaninta ba, don hatsin ya tafi wajen biyan abin da aka ci.

A fara da rubutawa

Mai bashi da yawa bai san yawan abin da ake bin sa ba. Ya san na Alhaji, don shi ne babba. Ya manta da na mai tebur, da na mai nama, da kuɗin da ƙanensa ya aiko daga cin rani a kan rance ne. In aka tambaye shi, sai ya ce "ba yawa". Tsoron ya haɗa lissafin yake yi.

Wanda ya shiga yaƙi da jahilci yana da abin da zai fitar da shi daga wannan duhu: kaye da bik. Ya ware shafi guda, ya ja layi, ya raba shi gida 4. Gida na fari, sunan mai kuɗi. Na biyu, abin da aka karɓa. Na uku, abin da za a biya. Na huɗu, ranar biya. Kada ya tsallake kowa. Akuyar uwargida da aka saida aka sayi hatsi, ita ma bashi ce, don dukiyar mace tata ce. Maza da yawa ba su son a tuna masu wannan.

Rubuta bashi ba sabon abu ba ne da lakwal ta kawo. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Sai a kula da wani abu wajen rubuta kuɗi. Baki da dala yake ƙirga, takarda kuwa da tamma, wadda ake rubutawa F. Dala guda 5 F ce. Wanda ya ga 500 F a takarda, dala 100 ke nan. 1.000 F dala 200 ce, watau jika guda. Mai karatu ya raba lambar da ke takarda gida 5, sai ya samu dala. Wanda ya rikita su biyun zai iya sa hannu a kan abin da bai karɓa ba.

Ina kuɗin biya za su fito?

Manomin nan zai ce ba ya da ko dala. Amma kowace safiya hannunsa na shiga aljihu. Shafi na biyu na kaye na wannan ne. Ya rubuta duk abin da ya fita, kome ƙanƙantarsa, har kwana 7. Ba a ce ya daina kome ba tukuna. Ya rubuta kawai.

A ce ga abin da ya samu a rana guda: goro dala 10, taba dala 20, shayi da sukari dala 20. Duka dala 50, watau 250 F. Ba wanda ke jin ciwon dala 50. Amma a kwana 30 ta zama 7.500 F. A wata 12 ta zama jika 90. Ba a ma sa ranar kasuwa ba, da tsirenta, da kuɗin kabu-kabu, da kuɗin da ake zuba wa salula ana gaisuwa mai tsawo.

Ba a ce mutum ya bar goro ɗungum ba. Wanda ya rantse zai bar kome rana guda, kafin sati ya koma. A ce dai ya rage rabi. Dala 25 ke nan kowace rana. Daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu akwai kwana fiye da 200. Dala 25 sau 200 dala 5.000 ce, watau jika 25. Bashin Alhaji ke nan cif, kuma ba tiya ko guda da ta fita daga rumbu.

Sai dai dala 25 ba ta kwana a aljihu. Dole a raba ta da jiki tun da safe, a jefa ta cikin asusu, ko a ba wani amintacce ajiya. Mata sun riga maza gane wannan. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE. Kowane sati mata na haɗuwa, kowace ta zuba ɗan abin da aka yanke cikin akwati mai makulli. Mai bukata ta ranta daga ciki, ta mayar da ɗan ƙari, kuma ƙarin nan nasu ne, ba na ɗan kasuwa ba. Dubarar ta bazu har ƙasashe da yawa. Ba abin da ya hana maza yin haka, in ba girman kai ba.

Akwai abin da ba a ragewa: abincin yara, da maganin marar lafiya, da iri. Wanda ya ci irinsa ya riga ya ci bashin baɗi. Lanho ma a ware kuɗinsa tun da kaka.

Maganar biki ta fi wuya, don ido ke ciki. Suna da aure ba su faɗowa kamar ciwo. Ana sanin zuwansu watanni kafin rana. Ragon suna da aka saya ƙarami aka turke ya fi wanda aka ɗauka bashi ana saura kwana 2 arha. Kuɗin da ƙawaye ke kawowa ranar biki ma ba kyauta ba ce. Rance ne, za a rama, sau da yawa har da ƙari. Mace ta rubuta su a nata kaye.

Wa za a fara biya?

Mutane sukan fara biyan wanda ya fi yawan sallama a ƙofar gida. Kuskure ne. A fara da bashin da ke haihuwa, da wanda ya riƙe gona. Muddin gona na hannun wani, shi ke nomanta, mai ita kuwa na ƙwadago a cikin gonarsa ta gado.

Sauran kuma ba a guje masu. Mai bashin da ke sake hanya in ya hango mai kuɗi, ya rufe wa kansa ƙofar gobe. Gara ya je da ƙafarsa, da shaida guda, ya ce: "Alhaji, ga jika 5. A rubuta. Saura jika 20, zan kawo jika 5 kowane wata in Allah ya yarda." Kowane biya a rubuta shi wuri 2, a kayen mai biya da na mai karɓa. Ɗan'uwa da ya ba da rance ba ƙari, shi ma a gaya masa ranar da zai jira. Haƙurinsa ba yafewa ba ce.

Wanda ya riga ya jinginar da gona da baki kawai, ya gaggauta yin takarda. Tun dokar ƙasar noma ta 1993 aka fara kafa kwamitocin gonaki, har zuwa ƙauyuka, kuma suna ba da takardar shaidar jingina. Takardar na nuna cewa jingina ce, ba sayarwa ba, da yawan kuɗin da aka karɓa. In ba ita, ranar da dattawan da suka shaida suka kau, ɗiyan mai kuɗi za su ce ubansu saye ya yi.

Kada a ci sabon bashi domin a biya tsoho, sai fa in sabon ya fi sauƙi ƙwarai. Irin wannan shi ne jinginar hatsi a mangaza, wadda ƙungiyoyin manoma suka fara a ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1990. Da kaka manomi ya kai buhunsa mangazar ƙungiya, a kulle da makulli 2, guda wurin ƙungiya, guda wurin asusun da ke ba da rance. A ba shi kuɗi ƙasa da farashin buhun. Ya yi turka da su, ko noman rani, ko ƙaramar sana'a. Bayan watanni ya biya, ya ɗauki buhunsa lokacin da hatsi ya yi tsada. Amma wanda ya kai kuɗin wurin mai tsire zai rasa buhun. Akwai kuma shekarar da farashi ba ya hawa sosai. A yi lissafi kafin a shiga.

Aikin da za a yi a cibiya

Wata mata ta ranci jika 6 da damana, za ta biya jika 7 da dala 100 da kaka. Tiyar wake dala 150 ce a lokacin. Tiya nawa za ta saida? In kuwa tana ajiye dala 15 kowace rana daga ribar ƙosai, kwana nawa za ta yi kafin ta biya ba tare da ta taɓa wakenta ba? Kowa ya yi lissafin a allonsa, sa'an nan ya buɗe shafin farko na kayensa.