Amsoshin Tambayoyinku: Za mu iya gina namu rumbun bayanai a Gidan Rumji?

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne a nan Gidan Rumji, kuma ni ke riƙe da takardun wata ƙungiyar manoman gyaɗa da aya. Bara aka sace mini salula ranar kasuwa. Sunayen mambobi, hotunan rasit da lissafin buhunan da muka ajiye duk suna cikin wani asusun intanet da wani yaro ya buɗe mini, ga shi daga ni har shi mun manta kalmar sirrin. Har yau ban same su ba. Kwanan nan ɗan yayana da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ya nuna mini wani dogon jerin manhajoji, ya ce kyauta ne, mutum zai sa su a kwamfutarsa su yi masa aikin Google Drive ko Zoom ba tare da ya miƙa bayanansa ga kowa ba. Gaskiya ne? Kuma abin zai yiwu a wurinmu, inda wuta da rezo ba su da tabbas? Daga wani malamin makaranta, Gidan Rumji, jihar Maraɗi.

AMSA: Allah ya mayar da alheri. Ɗan yayanka ya faɗi gaskiya, sai dai akwai sauran magana, kuma a cikin sauran ne amfaninka yake.

Duk abin da ka ajiye a intanet yana zaune ne a cikin wata kwamfuta, a wani gini, a wata ƙasa. Irin wannan kwamfuta da ke kunne dare da rana tana yi wa sauran hidima ita ake kira saba. In ka sa hotunanka a asusun wani kamfani, ka kai hatsinka ajiya ne rumbun wani. Rumbun yana da kyau, ana tsaronsa, amma ƙa'idar mai shi ake bi. Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, in ka wuce sai ka biya. Skype da mutane suka yi shekara da shekaru suna kiran ƴan uwa da shi, an rufe shi a watan Mayu na 2025. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuwa Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Abin da ɗan yayanka yake nuna maka shi ne hanyar gina naka rumbun a cikin gida.

Manhajojin da ake wannan gini da su ana ce musu ƴantattu, ko masu buɗaɗɗen tushe. Tun 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara wannan fafutuka, a kan cewa mutum yana da haƙƙin ya yi amfani da manhaja, ya duba yadda aka ƙera ta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu. Kai da ka yi lakwal ka san bambancin kalmomin nan biyu na Faransanci, libre da gratuit. Ta farkon ake nufi. Manhajar ba ka biyan kuɗinta, amma kwamfuta da wuta da lokacin mai kula da ita duk daga aljihunka za su fito.

Kada ka ɗauka baƙon abu ne a ƙasarku. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tattara alƙaluman cibiyoyin lafiya ne da DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ƙera ta, kuma ƴantacciya ce. Samarin nan da kake gani suna zagaya ƙauyukan Cadakori da Sayi Sabuwa da salula a hannu suna yi wa magidanta tambayoyi, da yawansu da KoboToolbox ko ODK suke aiki, su ma duk dangi ɗaya ne.

To, jerin da aka nuna maka fa? Ba guda ɗaya ba ne. Wanda ya fi shahara shi ne Awesome-Selfhosted, da Turanci, ƴan sa kai ke kula da shi, kuma manhajojin cikinsa sun haura dubu, an kasa su gida-gida: na ajiyar takardu, na hotuna, na taron bidiyo, na lissafin kuɗi, na makaranta. Kai da Faransanci ya fi maka sauƙi, ka nemi Framalibre na ƙungiyar Framasoft, wadda a 2014 ta ƙaddamar da kamfe na rage dogaro da manyan kamfanonin intanet. Akwai kuma YunoHost, wanda ya haɗa jeri da kayan aiki wuri guda: in ka sa shi a kwamfuta sai ya buɗe maka kundin ɗaruruwan manhajoji, ka zaɓa ka danna ya girka maka. Na wayar Android kuwa akwai F-Droid.

A cikinsu za ka tarar da Nextcloud a madadin Google Drive, wanda wani Bajamushe, Frank Karlitschek, ya kafa a 2016. Za ka ga Jitsi Meet a madadin Zoom, PeerTube a madadin YouTube, Mastodon a madadin X, Moodle na darussa, Dolibarr na lissafin kaya da kuɗi.

Ka ɗauki jerin nan kamar kasuwar dabbobi. Kasancewar sa a kasuwa ba ya nufin zai ja maka garma. Mai saye yakan buɗe baki ya duba haƙori, ya sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Haka za ku yi, kai da ɗan yayanka. Ku fara duba ranar da aka yi wa manhajar gyara na ƙarshe. Wadda ta shekara biyu ba a taɓa ta ba, ku bar ta, don ramukan da ɓarayin intanet ke bi ba a toshe su ba. Ku duba ko mutum ɗaya ne ke riƙe da ita ko jama'a, domin ta mutum ɗaya ranar da ya gaji ta mutu. Ku duba ko tana jin Faransanci, ko tana da manhajar salula, da irin ƙarfin kwamfutar da take buƙata. Na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa: ku tabbatar akwai hanyar kwashe bayananku cikin sauƙi in kun so ku bar ta. Da yawansu suna da wurin gwaji a intanet, ku taɓa ku ji kafin ku ɗauka.

Yanzu ga maganar wuta da rezo, inda tambayarka ta fi nauyi. Kun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kun kuma ga kwana goman da aka yi babu intanet a salula bayan zaɓen Fabrairun 2021. Waɗanda suka rubuta jerin nan galibinsu suna zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa. Amma abin mamaki, wannan matsala ita ce ta sa wani ɓangare na jerin ya fi amfani a Gidan Rumji fiye da a Turai: manhajojin da ke aiki babu intanet sam.

Ka ɗauki Kiwix. Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara ta a 2007, kuma aikinta shi ne ta naɗe Wikipedia gaba ɗaya cikin fayil guda, ta Faransanci ko ta Hausa, har da Vikidia ta yara. Da ita aka yi shirin Afripédia daga 2012, aka kai Wikipedia jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Ga yadda abin yake a aikace. Ka sami tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ko ƴar ƙaramar nan Raspberry Pi da ba ta fi tafin hannu ba, wadda wutar da take sha ba ta wuce ta ƙwan lantarki ɗaya ba. A sauko da fayilolin sau ɗaya a Maraɗi inda rezo ke da ƙarfi, a zubo su a kati. Ka ajiye na'urar a ofishin darakta, ka haɗa ta da faranti ɗaya na hasken rana da batir, ta watsa wifi a harabar makaranta. Malami yana zaune gindin bedi zai buɗe salularsa ya karanta darasin gobe, bai sayi data ta dala ɗaya ba. Kolibri ma haka take, ita darussa da jarrabawar gwaji take ɗauke da su. Nextcloud kansa zai zauna a wannan na'ura: ka shigo ofis, salularka ta kama wifi, hotunan rasit su kwafe kansu.

Inda gizo ke saƙa shi ne in kuna so mamban da ke Tibiri ko ɗan ci-rani da ke Kano ya leƙo rumbun daga nesa. Layin salula yawanci ba ya ba na'urarka adireshinta na kanta da za a same ta daga waje. Mafita ita ce hayar saba a wani kamfani, ana biya wata-wata da katin banki. Manhajar taku ce, makullin naku ne, ginin dai na haya ne. A Faransa ƙananan ƙungiyoyi sun haɗu tun 2016 a ƙarƙashin sunan CHATONS suna yi wa jama'arsu wannan hidima. Ku da kuka saba da bankin hatsi ba sai an koya muku wannan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyi biyar ko goma na Gidan Rumji da Agye da Gazawa za su iya haɗa kuɗi su yi haya ɗaya, su biya saurayi ɗaya ya kula da ita.

Abu biyu nake ba ka shawara ka bari tukuna. Kada ka ce za ka maye gurbin WhatsApp, domin amfaninsa shi ne kowa yana ciki, daga dillalin gyaɗa har gwaggonka. Kada kuma ka kafa naka saban imel. Ko ƙwararru yana ba su wuya, wasiƙunka sai su riƙa faɗawa kwandon shara a wurin mutane.

Malam, bari mu koma kan abin da ya same ka. Abu biyu suka haɗu suka cuce ka: makulli yana cikin kanku kawai ba a rubuce ba, kuma hatsin duk yana rumbu ɗaya. In ka gina naka rumbun ba ka gyara waɗannan ba, asarar za ta fi ta bara, don wannan karon babu ma wanda za ka kai wa kuka. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu suna kashe kwamfuta, ɓarawo yana ɗauka, batir yana ƙonewa. Ko manya ba su tsira ba: a watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin sabobi na kamfanin OVH a Strasbourg, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka rasa komai. Manoma sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa a ƙauyuka da yawa ake jera rumbuna can gefen gari nesa da murhu. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida dabam.

Maganar makulli kuwa, darasin yana ƙofar gidanku. A jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da ya bazu ƙasashe da dama. Dubi yadda ake yi da akwatin asusu: wadda ke ajiye akwati dabam, masu riƙe makullai dabam, ba a buɗewa sai a gaban jama'a. Ku yi haka da kalmar sirri. A rubuta ta a takarda, a sa a ambulan biyu a liƙe, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. Ka kuma tuna sunayen mutane da lambobinsu da bashin da ke kansu amana ce, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Ranar da bayanan suka dawo hannunka, nauyin tsaronsu ma ya dawo wuyanka.

Saboda haka ga abin da nake ganin za ka fara da shi. A wannan makon, ka sake rubuta sunayen mambobi a babban littafi, ka shigar da su kwamfuta da ƴantacciyar manhajar LibreOffice, ka kwafe a kati biyu. In ɗan yayanka ya zo hutu, ku ɗauki manhaja guda ɗaya tak, Kiwix don makaranta ko Nextcloud don ƙungiya, ku yi wata uku kuna gwadawa. Ka sa shi ya koya wa mutum biyu da ke zaune a gari, domin shi karatu zai mayar da shi Maraɗi. Wata rana ku kashe na'urar da gangan, ku ga ko za ku iya dawo da komai daga kwafin da kuka ajiye. In kun iya, to ku ƙara ta biyu.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gaskiya ne, muddin kana wasa shi, kuma wani a gidan ya san inda kake ajiye shi. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a damina. In kun fara, ka rubuto mana mu ji yadda ta kasance, don makwabtanku su ƙaru.