Cin Hanci Daban, Jabu Daban

Jama'a, masu sauraron labarai da Turanci sukan ji kalmomi biyu, corruption da counterfeit, su ɗauka duk kanwar ja ce. To, akwai bambanci. Ta farko a kan mutum take: wanda aka ba amanar ofis ko ƙofa, ya sayar da ita, wato cin hanci da rashawa. Ta biyu a kan kaya take: magani, atamfa ko takardar kuɗi da aka yi a ɓoye aka manna musu sunan wani, wato jabu. Algus kuwa, kamar zuba wa nono ruwa, nasa laifin daban ne.

Ku dubi masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. A da, dubban magidanta ke cin abinci a cikinsu. Sai masu kwaikwayo a ƙasar Sin suka riƙa ɗaukar zanen atamfar gida su buga, har da tambarin kamfani a bakin zane, a biyo da ita ta iyakar Nijar, ta sauka kasuwar Kantin Kwari da arahar da masaƙa ba za ta iya ba. Wannan atamfa jabu ce. Amma dila ba ta da ƙafa: duk wanda aka danƙa wa na goro ya kau da kai ta wuce, shi ne ya ci hanci. Ba wannan kaɗai ya rufe masaƙu ba, rashin wutar lantarki ma ya yi nasa, sai dai jabu ba ya isa kasuwa da yawa haka in mai tsaron ƙofa yana tsoron Allah.

Kowane laifi da hukumarsa. Ma'aikacin da ya nemi a ba shi wani abu, ICPC ce tasa, wadda aka kafa a 2000, ko EFCC ta 2003, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe ta Jihar Kano. Jabun magani da abinci na NAFDAC ne, mai doka tun 1993. Sauran kayan masana'anta, irin su waya, siminti da taya, na SON ne, tun 1971.

Saboda haka, mai saye, ka karɓi rasit, ka duba lambar rajista da ranar lalacewar magani kafin ka biya. In an cuce ka, kada ka tsaya ga Allah ya isa: ka ɗauki kayan da rasit ɗin ka kai ofishin da ya dace.