Darasi: Teɓa, Kitsen Jini da Ciwon Zuciya

Ƴan'uwa, a wurinmu idan mutum ya yi ƙiba sai a ce ya samu hutu. Amma teɓa tana canza kitsen da ke cikin jini, wanda likitoci ke kira kolestarol.

Hanta ce take yin yawancin wannan kitse, jiki kuma yana bukatarsa. Tun da mai ba ya haɗuwa da ruwa, wasu ƙananan ƙwayoyi ne suke ɗaukarsa cikin jini. A takardar gwaji za ku ga sunayen biyu daga cikinsu. LDL yana kai kitse cikin jiki, in ya yi yawa sai ya maƙale a bangon jijiya. HDL kuwa yana kwashe shi ya mayar wa hanta.

Ƙwayoyin LDL ba girmansu ɗaya ba. Ku tuna da rariya: tsaki yana tsayawa, gari yana wucewa. A jikin mai teɓa ƙwayoyin sukan zama ƙanana, su yi yawa, su riƙa kutsawa bangon jijiya da sauƙi, HDL kuma ya ragu. Shi ya sa gwaji zai iya nuna kolestarol bai hau sosai ba, alhali jijiyar zuciya tana ƙuntata a hankali, ba tare da ciwo ba.

Ga awon da za ku yi a gida. Ku yanki igiya daidai tsayinku, ku ninka ta biyu, ku zagaya ciki da ita dab da saman cibiya. In bakinta bai haɗu ba, ku zo asibiti a auna hawan jini da sukari.

Abin da za ku yi:
1. Ku rage kitsen nama, man shanu, manja da soye-soye.
2. Ku rage sukari a shayi da lemon kwalba.
3. Ku ƙara wake, zogale, kuɓewa da kifi.
4. Ku yi tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako.
5. Ku bar taba.

Mai kilo 90 in ya rage kilo 5 kawai, jininsa zai fara gyaruwa.

In ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ciwon ya sauka hannun hagu, ga gumi, kada a jira gari ya waye. A kawo shi nan da nan.

Tambayoyi: Mene ne aikin HDL? Wa za ka auna da igiya a gidanku yau?

Allah ya ba mu lafiya.