Sarautar Kano Da Nasihar Shehu Magili

 

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Amma abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne saukar Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Almagili a Kano a zamaninsa. Malamin bai yi wa sarki fadanci ba. A littafin Tajuddini da ya wallafa masa, ya yi ta nanata cewa tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tutar mulki ta sauya hannu, amma zaman fada bai sauya ba: talaka yana faɗuwa gaban sarki ya kai kukansa, malamai suna gefe suna duba hukunci. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun sarakuna. Duk da haka, rigimar gado da ta gona da ta aure har yanzu ana kai su fada neman sulhu.