Kada ku ba kowa aron kaset ɗin mahaifinku

Sana'ata gyaran littattafan Hausa kafin su shiga maɗaba'a, kuma mafi yawan abin da ake kawo mini ya shafi makaɗa da mawaƙa: tarihin rayuwa, diwani, kundin digirin da ake son mayarwa littafi. Na saba ganin kwamacala, in gyara in yi shiru. Wannan da zan ba da labarinsa ya hana ni yin shirun. Ba zan faɗi sunan makaɗin ko garinsu ba, haka ma wanda ya yi ɓarnar, domin iyalin sun roƙe ni, kuma abin da maganar ta jawo musu ya ishe su.

Wata dattijuwa ce ta zo wurina da jikanta. Mahaifinta makaɗin fada ne, mai kotso, a wata ƙaramar masarauta ta yammacin ƙasar Hausa. Bai yi sunan Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba, gidan rediyo ma bai cika sa shi ba, amma a yankinsu ba a hawan salla ko naɗin sarauta sai da shi. Ya rasu tana amarya. Duk abin da ya rage na muryarsa yana cikin adaka ɗaya: kaset-kaset da wani ɗan sarki mai sha'awar abin ya riƙa naɗa da rikodarsa a zaure, ya miƙa wa iyalin kafin shi ma ya rasu, sai wani littafin 'yan makaranta da ƙanen makaɗin ya cika da ajami, gindin kowace waƙa da sunan wanda aka yi wa da dalilin yin ta. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san irin wannan littafin ba kullum ake samunsa ba. Shekaru masu yawa matar nan tana gadin adakar daga gara da yoyon damina da ƙiriniyar yara.

Sai ga wani mutum da mota da babbar riga, ya ce shi mai bincike ne, zai rubuta tarihin marigayi. Ya ce mata, "Hajiya, irin Baba bai kamata a bar shi a kulle a adaka ba, duniya ya kamata ta ji shi." Maganar ta yi mata daɗi, wa zai ji wannan game da ubansa bai ji daɗi ba? Ya ajiye ɗan abin goro, ya kwashe kaset ɗin duka da littafin ajamin, ya ce sati biyu zai dawo da su. Ba takarda, ba shaida, ba wanda ya ƙirga abin da aka ɗauka. A garin akwai ɗan amshi ɗaya da ya rage cikin ƙungiyar marigayin, tsoho mai kaifin tunani, wanda in ka ja masa gindin waƙa zai kawo maka ɗiyanta ya kuma gaya maka abin da ya faru a fada ranar da aka yi ta. Mutumin ya je wurinsa sau ɗaya, daga la'asar zuwa kafin magariba, rabin lokacin yana amsa waya.

Littafi ya fito. Aka yi ƙaddamarwa a babban ɗakin taro a birni, manya suka sayi kwafi da kuɗi masu nauyi, aka ɗauki hotuna. Ba a gayyaci kowa daga gidan makaɗin ba. Kwafin da ta zo mini da shi, jikanta ne ya saya da kuɗinsa.

Ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma yaron nan ya karanta mini, kuma wannan ba Baba ba ne. Ka duba mini, in ni ce ban gane ba ka faɗa mini gaskiya."

Na ce, "Hajiya, ki bar mini shi, in Allah ya yarda zan duba." Na duba, kuma ita ce ke da gaskiya.

Tun a babi na farko an ce marigayi da taushi yake kiɗa. Hoton da ke bangon littafin kansa kotso ne rataye a kafaɗarsa. Mutumin da bai bambance kotso da taushi ba ya zauna ya rubuta tarihin makaɗin fada. An ba shi ranar haihuwa da wata da shekara cif-cif, alhali abin da gidan suka sani shi ne an haife shi bayan yunwar Kakalaba, wato bayan 1914, kuma abin da ya kamata a rubuta ke nan a tsaya. An ɗauki shekarar da aka naɗi kaset an mayar da ita shekarar da aka yi waƙa. Rikoda ba ta yaɗu a hannun mutane a ƙasar nan ba sai shekarun 1970, makaɗi kuwa yana iya maimaita waƙar da ya yi wa uban sarki shekara ashirin baya, ya ƙara mata ɗiya saboda mutanen da ke zaune a gabansa. Inda aka sami waƙa ɗaya a kaset biyu, sai marubucin ya gwamutsa su ya fitar da wata ta uku wadda makaɗin bai taɓa rerawa ba. Harshen ma bai tsira ba. Mutum yana waƙa da Hausar yamma, an bi an daidaita masa ita zuwa Hausar littafin makaranta, karin ya karye, inda kunnen marubucin bai kama ba ya cusa abin da ya ga ya yi kama. Waƙoƙi biyu a cikin littafin ba ma nasa ba ne, na Narambaɗa ne, duk mai sauraron rediyon Kaduna zai gane su. Ina jin a cikin kaset ɗin akwai wanda aka naɗo daga rediyo, shi kuma bai tambaya ba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, na saba. Abin da ya tayar mini da hankali zambo ne. A wata waƙa makaɗin ya yi wa wani ɗan sarki zambo, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa masu ja da ubangidansu, bai kuma ambaci suna ba. Ba a ambata. Hikimar ke nan, wanda aka yi dominsa ya sani, fada ta sani, a wuce wurin. Marubucin nan ya sa ƙarin bayani a ƙasan shafi, ya rubuta sunan wani mutum ɓaro-ɓaro ya ce shi ake nufi. Ba shi ba ne. Mutumin da ya ambata aminin makaɗin ne, har doki ya taɓa ba shi. Jikokinsa suna nan da ransu a unguwa ɗaya da matar nan, akwai ma maganar aure tsakanin gidajen biyu. Suka zo har gida da littafin a hannu suna tambaya ko su ne suka ba da wannan labari. Maganar auren ta tsaya, gaisuwa ta yi sanyi. Mutum yana birni ya karɓi kuɗin ƙaddamarwa, ya bar tsohuwa da rantse-rantse a kan abin da ba ta faɗa ba.

Muka bi sawun kaset ɗin. Da ƙyar marubucin ya ɗauki waya. Ya ce ai ya ba wani yaro mai tura waƙoƙi a kasuwa ya juye masa su a memori. Muka sami yaron, kuma ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya iya ya yi. Ya sa su a wata tsohuwar rediyo da ba a taɓa goge kanta ba, ta cinye zaren wasu, ya jefar. Sauran ya zuba a kwali a saman shago, ƙarƙashin kwano, suka sha zafin bazara biyu, da aka tashe su daga shagon kwalin bai biyo su ba. Abin da ya tsira 'yan fayiloli ne a waya, an matse sautin har amshi ya dushe, ba suna, sai lamba ɗaya, biyu, uku. Littafin ajamin kuwa marubucin ya ce bai tuna inda ya ajiye ba. Da na tambaye shi ko ya karanta shi, sai ya ce ba ya karanta ajami. Ya ɗauke wa mutane abin da ba zai iya karantawa ba, ya kuma ɓatar.

Na ce to mu koma wurin tsohon ɗan amshin, mu zauna da shi da abin da ya tsira mu gyara. Sai aka ce ya sami shanyewar ɓarin jiki bara, magana ba ta fita.

Ku ji ni da kyau. Kada ku ba kowa asalin kaset, ko faifai, ko rubutun hannu ya fita da shi daga gidanku. Ko wane ne. Mai bincike na gaskiya da na'urarsa yake zuwa, ya juya a gabanku, ya bar muku naku da kwafi a kai. Wanda ya ce sai ya tafi da shi, ku ce a'a.

Ba wai ba mu da abin koyi ba ne, shi ya sa abin ke ƙona mini rai. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa, bayan zama da makaɗa a Zariya da Katsina, suna tambayar sunan kowane abin kiɗa da wanda ake kaɗa wa da lokacin da ake kaɗa shi. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Shata yana raye yana amsa tambaya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana bin makaɗa da iyalansu gari-gari, ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya kuma shimfiɗa hanyar aikin a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, littafin da duk ɗalibin Hausa ya san shi. Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, a buɗe a ga yawan mutanen da aka yi hira da su. Waɗannan littattafan suna nan a ɗakunan karatu na jami'o'inmu. Wanda ya yi wa matar nan wannan aiki bai buɗe ko ɗaya ba, da ya buɗe da ya san kotso.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Jankiɗi ya rasu a 1973, Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waɗannan manya ne, an naɗe su da yawa, an yi rubutu a kansu. Ƙananan makaɗan fadojin hakimai, da makaɗan noma da na dambe da na maƙera, da matan da ke kiɗan ƙwarya a cikin gida, yawancinsu abin da ya rage nasu bai wuce irin adakar nan ba, da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya da ke tuna amshi. In adakar ta tafi, tsohon ya kwanta, shi ke nan, sai dai abin da aka buga. Abin da aka buga kuma shi ɗalibi zai kwafa ya sa a kundinsa, malamin da bai saurari waƙar ba ya sa hannu, wani ya ɗora a Facebook, shekara goma ƙarya ta zama abin da "masana suka ce". Na riga na ga ranar haihuwar ƙaryar nan a wani kundi.

Ku masu gida, kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son kusa da lasifika saboda maganaɗisu. Kada ku sa tsohon kaset a rediyon mota don ku gwada ko yana yi. In kun ga funfuna a zarensa kada ku kunna, kada ku goge da tsumma, ku nemi wanda ya san aikin. In za a juya, a juya da cikakken sauti ba matsattse ba, a yi kwafi uku a ajiye a gidaje daban-daban. Turawa ta WhatsApp ba adanawa ba ce. In kun ji murya ta yi siriri tana gudu, kada ku yanke cewa ba shi ba ne, sau da yawa batir ne ya yi sanyi ranar da aka naɗa, kuma ana iya daidaita shi. Ku zauna da tsofaffinku yanzu, a kunna, su faɗi wa aka yi wa, a ina, su wa ke amshi, wa ke sanƙiranci, a rubuta a jikin kwalin kaset ɗin. Wanda ya zo neman bayani, a yi takarda, ya sa hannu, mai unguwa ya shaida, a rubuta cewa za ku ga littafin kafin a buga. Akwai dokar haƙƙin mallaka a ƙasar nan, kuma magada suna da haƙƙi a cikinta. Na sake faɗa, asalin kaset ba ya fita daga gida, ko da mutum ya zo da wasiƙa mai tambari.

Ku kuma masu rubutu, in ba ka jin karin harshen makaɗi, nemi ɗan yankin ya zauna da kai. Inda ba ka ji ba, sa ɗigo-ɗigo ka ce ba a ji ba, babu kunya a ciki. Kada ka fassara zambo da sunan mutum sai ka ji daga bakin waɗanda suka halarta, ko ka ji ma ka yi tunanin jikokinsa. Masu maɗaba'a da ke karɓar duk abin da aka kawo muddin an biya, ku ma kuna da kaso.

Marubucin nan ya aiko daga baya, wai yana son in gyara masa littafin don bugu na biyu. Na ce sai ya cire shafin zambon, ya je garin da ƙafarsa ya ba gidajen biyu haƙuri, ya kuma nemo littafin ajamin. Har yanzu bai sake kira ba. Fayilolin da suka tsira muna bin su ɗaya bayan ɗaya da matar da wasu tsofaffin fada biyu, abin da suka tabbatar mu rubuta, abin da suka yi saɓani a kai mu rubuta saɓanin.